Rabin Kwalbar Manja

…kuma ka san Inna, Yaya Iro, ba ta iya zama idan nata zai yi tafiya. Tun hantsi take kai da kawowa tsakanin madafa da ɗaki. Dambun nama, kuka, daddawa, yaji a cikin wata roba da ta wanke har ta koɗe, wai a Legas ba su san yaji ba, barkono kawai suke zubawa kamar masu faɗa da harshensu. Ni kuwa ga ni a kan tabarma a gindin dogon yaro, ina ninke kayan da na riga na ninke. Motar za ta tashi bayan la'asar. Bayan la'asar… Kafin nan sai na faɗa mata. Ko kuma kada in faɗa.

Na samu aikin. Kai ne ba ka nan, da duk unguwar Bolari, inda kake sana'a, sai ta ji kafin in sauke jakata. Matatar mai, Yaya, ta gaske, irin wadda kake tsokanata da ita — “Injiniya, ke ki riƙa dafa shi, ni in riƙa sayarwa, a gida ɗaya za a gama komai.” Tun ina ajin farko a jami'a, ban san ko hanyar ɗakin gwaji ba, kake kirana Injiniya a gaban direbobi, ni ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. To ga shi sun rubuta a katin da zan rataya a wuya. Najiba, injiniya mai koyon aiki. Na yi mako guda a can, sun nuna mana wurin, sun ce mu je mu kwaso kayanmu mu dawo. Shi ne na zo. Kwasar kaya kawai aka ce in yi.

Ka ga wurin kuwa? Hasumiyoyin ƙarfe, bututu a kan bututu har ido ya gaji, can sama wata wuta tana ci ba dare ba rana, wai ita ce ke ƙone iskar da ba a so. Da muka sauka daga mota sauran duk suka toshe hanci. Ni na tsaya. Na tsaya ina shaƙa kamar wata taɓaɓɓiya, don warin rigarka ne. Warin hannunka idan ka miƙo mini tsire a takarda, warin pilonka, warin zaurenmu idan ka shigo da magariba… Wata ta taɓa ni ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, rana ce.

Inna tana tambaya ko na sa bargo. Na sa, Inna. Ban sa ba. Wa ke neman bargo a can?

Teburinka na katako a bakin titi kusa da tasha, galan-galan a jere, mazurari, da koren tiyon nan da ba ka yarda kowa ya taɓa. Ɗan bumburutu, in ji masu raina sana'a, su ne kuma ke layi a gabanka ranar da gidajen mai suka rufe. Direba ya tsaya da tanki cike, ka durƙusa, ka zura tiyo, ka tsotsa, ka tofar, mai ya biyo. Da yamma gwangwanin madara, wai tana wanke ciki. Tun rasuwar Baba da tiyon nan muke ci, da shi na tafi Bauchi karatu. Ban taɓa jin kunyarsa ba, wallahi, ko sau ɗaya. Tsoronsa ne ban san ya kamata in ji ba.

Ranar Laraba ce, a can matatar, a wani ɗaki mai sanyi, mu sababbin ɗauka a jere, kowa da sabuwar hular kwano a cinya. Mista Gilbert, mai koyar da kiyaye haɗari — gajere, mai sanƙo, ba ya minti biyar bai ba mutane dariya ba. Ya gama wuta, ya gama iskar guba, ya zo kan abin da za a yi idan mutum ya haɗiyi mai. Ya ɗauko faranti da ruwa, ya ɗiga masa ɗigo ɗaya na kalanzir, muka ga ya bazu ya lulluɓe ruwan kaf. Ya ce haka yake yi a huhu. Ya ce ciki yakan jure kurɓi ɗaya ko biyu idan an bar shi ya wuce ta ƙasa, amma idan aka dawo da shi ta sama, a hanyar fitowa yake zamewa ya faɗa hanyar numfashi. Kada a sa mutum amai. Ya maimaita. Kada a ba shi manja, kada a ba shi madara, a zaunar da shi a kai shi asibiti. Sai ya ce ya san kakanninmu duk likitocin manja ne, amma a nan ba a yi. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Ni ma na ji bakina ya buɗe. Ban san ko dariya na yi ba.

Shekara biyar ina karatun nan, Yaya. Na san man nan ba shi da kauri, na lissafa gudunsa a cikin bututu, na ci jarrabawa a kansa har malami ya yaba. Bututun ƙarfe kawai aka nuna mini. Ba wanda ya ce mini maƙogwaro ma bututu ne, kuma biyu ne a wuri ɗaya…

Ba na nan ranar da abin ya same ka. Ina Bauchi. Amma na ji labarin a bakin Inna har na haddace, inda take tsayawa ta ja numfashi ma na sani. Lokacin wahalar mai ne, ga zafin bazara. Kana tsotsa wani mai keke ya bugi bayan motar, ka haɗiye. Abokinka Sa'idu ya goyo ka a mashin har gida Kagarawal, kuma da ƙafarka ka shigo, kana dariya — “Inna, yau na cika tanki, sai Bauchi ba tsayawa.” Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko manja ta ɗura maka, ta riƙe ƙeyarka, ta zura maka yatsa. “Ko tari bai yi ba da ya shigo,” haka take cewa, “sai da ya amayar sannan tarin ya zo, dafin ke nan yana fita.”

Ko tari bai yi ba. Da bakinta. Kullum da bakinta take faɗa, tana alfahari, ba ta san abin da take ba da shaida a kai ba.

To wa ya sani? Wataƙila tun a Bolari ya shiga huhun. Yana yiwuwa ai. Mutum yana tsotsa, an buge shi, ya shaƙe — yana yiwuwa. Na kwana ina juya wannan, na riƙe shi da hannu biyu. Amma wanda mai ya shiga huhunsa ba ya hawa mashin daga Bolari zuwa Kagarawal yana raha. Na tambayi Mista Gilbert bayan an tashi, na ce wani ne a unguwarmu. Ya dube ni ya daɗe. Bai ba ni dariya ba wannan karon. Ya ce Allah ya ji ƙansa, da irin Hausarsa ta barikin soja, ya tattara farantinsa.

Ga Inna nan ta fito da turmi. Me kuma za a daka? Citta. Wai saboda sanyin teku. Dubi hannunta, Yaya, hannun dama, yatsan nan na tsakiya da ya ɗan karkace tun da ƙofa ta datse shi. Da shi take shafa mini kai in na yi zazzaɓi. Da shi ta… A'a. Ninke zanen. Ninke kawai.

Da na iso asibiti an sa maka robar iska a hanci, leɓɓanka sun yi wani launi da ban taɓa gani a jikin mutum ba. Ƙirjinka yana hawa yana sauka da sauri, numfashin ba ya isa ko'ina. Na sunkuya, sai warin fetur daga bakinka, har a lokacin. Ka buɗe ido ka ce, “Injiniya, wa ya ce ki baro karatu?” Shi ke nan abin da na samu. Akwai wata nas da ta tambayi Inna ko an ba ka wani abu a gida. Inna ta ce manja, ta ce ai ta sa ka amayar da shi tas. Nas ɗin ta dubi likita. Likita ya dubi takardar hannunsa. Shekarun nan duk ban tuna kallon nan ba, sai ranar Laraba ya dawo mini, har da kalar ɗankwalinta. Sun sani. Suka dubi tsohuwa a tsaye da carbi, suka bar kaza cikin gashinta.

Su sun iya, don washegari wata tsohuwar za su gani. Ni uwata ce.

Ka san abin da ya tashe ta daga kwanciya bayan an yi sadakar bakwai? Ba ta ci, ba ta magana, muna tsoron za ta bi ka. Sai wata safiya ta tashi zaune ta ce, “Da ban yi sauri ba, da a zaure zai cika. Allah ya ba ni kwana uku ina jinyar ɗana, har na laƙƙana masa kalmar shahada.” Ta nemi ruwan wanka. A kan maganar nan take tsaye har yau, ita ce ƙafarta. Kwana ukun nan su ne duk abin da ta tsira da shi daga cikinka, tana ganin ita ta ƙwato su da hannunta. Ni kuma in zo da katin wuya da hular kwano in ce mata, Inna, ba kwana uku kika ƙwato ba, sauran ne kika…

Ba zan iya ƙarasawa ba ko a zuci.

Ajali ne. Na sani, ba sai an yi mini wa'azi ba. Kwana ya ƙare, ko da manja ko babu manja, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da a ce abin ya tsaya a kanka, wallahi da na haɗiye shi na tafi da shi kabarina. Me zai ƙara maka? Ba zai dawo da kai ba. Amma bai tsaya a kanka ba, Yaya, abin da ke hana ni numfashi ke nan.

Sallama a zaure. Goggo Jumma ce, maƙwabciyarmu Bafulatana, da ƙwaryar man shanu a lulluɓe da faifai, ta zo yi mini sallama. “Ɓingel am, 'yata, ashe tafiya ta tabbata? Allah ya tsare, ya sa ki fi haka.” Amin, Goggo, na gode. Na durƙusa, ta dafa kaina, hannunta yana ƙamshin nono. Ta zauna kusa da turmi, hira ta ɓarke, daga tsadar gero sai ga su a kan 'yar Suwaibatu. Na san za a zo nan. Kullum sai an zo.

Tun bayan rasuwarka Inna ta zama ta unguwa. Ka san yadda ake zuba kalanzir a kwalbar lemo a ajiye a bayan ƙofa, ka san yara. Da an sha, ba a neman keke, gidanmu ake yowa da gudu. Inna Kande ta san abin yi, ai a kan ɗanta ta koya. Da daminar bara aka kawo 'yar Suwaibatu, 'yar shekara uku, aka ɗura mata, aka sa mata yatsa. Ta rayu. Allah ya sa ta rayu. Har yau ƙirjinta yana kuka in ta yi gudu, ana cewa sanyi ne ya kama ta. Ina gida lokacin hutu aka kawo wa Inna goro da sabulu na godiya, ni ma har na ji daɗi, na ce uwata ta zama likita.

“Allah ya ba ki hannu, Kande,” in ji Goggo Jumma. Inna tana daka tana murmushi, kanta a ƙasa. Dubi fuskarta. Rabon da in ga wannan hasken a fuskarta in ba a kan zancen nan ba… Duk yaron da ta sa ya amayar, kai take ceto. Na gane yanzu. Kai take sake riƙe wa ƙeya, kuma wannan karon kana tashi.

Na gaba fa? Wanda za a kawo wata mai zuwa, ina can ina koyon buɗe famfo da rufe famfo, an rataya mini na'urar da ke ƙara in iska ta ɓaci? A can komai da ƙa'ida, ko tsani ba a hawa sai an ɗaure mutum da igiya. Za su biya ni albashi don kada ɗigo ɗaya ya zuba inda bai kamata ba. A gidanmu kuma, a tsakar gidan nan, a kan tabarmar nan da nake zaune…

To in faɗa wa Goggo Jumma a zaure in na raka ta. Ta faɗa wa matan unguwa a hankali, su daina kawowa. Goggo Jumma? Kafin in kai tasha maganar ta zagaya Kagarawal ta dawo wa Inna a bakin wata, da ƙari — wai 'yarki ta ce ke kika kashe Iro. A'a. Gara daga bakina.

Ko in ce sabon ilimi ne. Inna, likitoci sun canza, yanzu an ce a daina sa amai, an gano wata hanya. In faɗe shi sama-sama, ina ɗaure jaka, kamar labarin farashin tumatir. Wata uwar ce za a yi wa haka. Inna ba a yi mata hannunka mai sanda sau biyu. Za ta ajiye taɓarya, ta dube ni da idon nan, ta ce, “Me aman yake yi?” In na faɗa, sai ta ce, “To Iro fa?” Me zan ce? In yi mata ƙarya ta gane, in yi shiru ta gane. Sai in hau mota in bar ta da shi ita kaɗai a gidan nan, da ɗakinka a rufe, da takalmanka da har yau ba ta bayar ba.

In bari sai na je, in kira ta a waya? Wannan ai rashin imani ne. In bari sai na dawo da sallah, in zauna da ita sosai, in riƙe hannunta… Sallah da saura. Kwalaben lemo nawa ne a bayan ƙofofin unguwar nan daga yau zuwa sallah?

Kai da ka iya magana, da yaya za ka yi? Da ka mai da shi wasa, na sani. Da ka ce Inna, likitancin nan naki ba lasisi, hukuma za ta kama ki. Ta jefe ka da murfin tukunya, a yi dariya, magana ta shiga ba jini. Ni ban gado wannan ba. Ni komai sai na yi bayaninsa dalla-dalla har ya yi ciwo. Kuma kai ne maganar, Yaya. Ba za ka iya zama mai faɗa ba, kai ne abin da za a faɗa.

Wani lokaci haushinka nake ji, in gaya maka gaskiya. Me ya kawo ka gida? Asibiti yana kan hanya, Sa'idu ya ce ya tambaye ka, ka ce a'a, kai ni wurin Inna. Ƙato da kai, da gemu, abu kaɗan sai wurin Inna. Da ka… Astagfirullah. Ni ma da can zan ce a kai ni.

An kira azahar. Yaushe rana ta yi haka? Goggo Jumma ta tafi, ban raka ta ba. Na yi salla ban san me na karanta ba. Na roƙi Allah ya ba ni baki, ko ya ɗauke mini abin da na sani, ɗaya daga ciki. Mai keken da zai kai ni tasha ya aiko cewa yana tafe. Jaka ta cika, zip ɗin da kyar ya rufu, warin daddawa ya riga ya kama takalman aikin da suka ba ni.

Yanzu. In ta fito daga ɗaki, yanzu. Zan ce Inna zauna, akwai maganar da na koyo a wurin aiki. Kalma ta farko ce mai wuya, sauran za su biyo, kamar yadda kake cewa da tiyo, ja na farko ne aiki…

Ta fito. Akwai abu a hannunta, a naɗe cikin leda, ta ɗaure bakin da tsumma. Ta durƙusa a gabana — gwiwoyinta suna ƙara, yaushe ta tsufa haka? — ta kamo hannuna ta ɗora mini. Kwalba ce. Da ɗumi, ta sa ta a rana don ya narke. Ja wur ta cikin ledar.

“Ba na miya ba ne wannan,” in ji ta. “Wurin da za ki, an ce ko'ina mai ne. Ki ajiye shi kusa da ke. In tsautsayi ya gifta, ke ko wani, kada ki tsaya jiran kowa, kin dai san yadda na yi wa yayanki.” Ta gyara mini mayafi a kafaɗa. “Rabi na zuba miki. Rabin na bari saboda yaran unguwa.”

Inna…

“Na'am?”

Tana kallona. Fuskarta a sake, idonta ya ɗan kawo ruwa, tana jira in ce na gode. Ta ba ni abin da ya fi komai daraja a wurinta, Yaya, ta raba shi biyu ta ba ni rabi. Ta bayan kafaɗarta ina hango ɗaya kwalbar a kan tagar madafa, rana tana dukanta.

Keke yana hon a ƙofar gida. Bakina a buɗe yake, na ji iska tana shiga. Kwalbar tana da ɗumi, hannunta yana kan nawa, yatsan nan a kan wuyan hannuna… in na ce na gode, na karɓa ke nan. In na ce wani abu daban —

“Na'am, Najiba? Ina jin ki.”